Kwalin dafa giya a gida: abin da Bature ke dubawa kafin ya fitar da kuɗinsa

A Ingila da Amurka da Ostareliya akwai kantunan da ba a sayar da giya ko kwalba ɗaya a cikinsu, alhali kuwa duk abin da aka jera bisa kanta na giya ne: bokitai masu murfi, tiyo, gwangwanaye, ƙunshin yisti da ma'aunai iri-iri. Mai saye yakan ɗauki kwali guda ya kai gida, bayan mako huɗu ya sami lita 23 ta abin da ya dafa da hannunsa. Sama da shekara 60 ke nan wannan ciniki yana gudana, kuma yadda masu saye ke rarrabe kwalin kirki da na banza abin lura ne ga duk mai hulɗa da hatsi, ko da bai taɓa kusantar giya ba.

Akasarin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, hukuncin giya kuwa a Musulunci sananne ne, ba ya bukatar ƙarin bayani. Sai dai ma'aikacin da aka tura ƙaro ilimi Faransa ko Beljiyam yakan ci karo da waɗannan kwalaye a manyan kantuna, ɗan kasuwa mai odar kaya ta intanet yakan gan su cikin jerin kayan girki, ma'aikacin duwan kuma wata rana yana iya buɗe kwali ya tarar da bokiti da tiyo da ƴan ma'aunai, ya rasa sunan da zai rubuta musu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Lanho ne ya haifi kasuwar

Asalin wannan ciniki yana ga dokar haraji. A shekarar 1880 gwamnatin William Gladstone ta ɗora wa duk mai son dafa giya a gidansa a Ingila yankar lasisi. Haka aka zauna har watan Afrilu na 1963, lokacin da ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke wannan lasisi. Daga ranar kowane magidanci ya sami damar dafa iyakar abin da yake so, da sharaɗi guda: kada ya sayar. Da yake lanhon da gwamnati ke karɓa bisa giyar mashaya mai nauyi ne, ta gida kuwa babu ko sisi a kanta, sai ma'aikata masu ƙaramin albashi suka yi caa. Cikin shekarun 1970 da 1980 har kantunan magani na Boots, waɗanda ke da reshe a kusan kowane gari, sun ware kanta musamman domin waɗannan kaya.

Amurka ta makara. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da barasa a ƙasar baki ɗaya, kuma da aka janye haramcin dokar ta halatta yin giyar inabi a gida amma ta bar ta sha'ir a baya. Sai a watan Oktoba na 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu bisa dokar da ta gyara wannan giɓi, ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 1979. Ta ba kowane baligi galan 100 a shekara, wato kusan lita 380, ta ba gida mai baligi biyu ko fiye galan 200. Duk da haka kowace jiha na da ta cewa, shi ya sa jihohin Alabama da Misisifi ba su amince ba sai a 2013. A Japan kuwa doka ba ta yarda mutum ya dafa abin da ƙarfinsa ya wuce kashi 1 cikin 100 ba sai da lasisi, amma ana sayar da kwalayen a fili, a bar mai saye da lamirinsa.

Abin da ya biyo bayan dokar Carter shi ne zai fi jan hankalin ɗan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba. A farkon shekarun 2020 sun haura 9,000, mafi yawansu ƙanana, kuma da dama daga masu su da bokiti suka fara a ɗakin ajiyar mota. Ken Grossman, wanda ke da ɗan kantin sayar da kayan dafuwar gida a garin Chico na Kalifoniya, shi ne ya fara dafa giyar Sierra Nevada a 1980 da tsofaffin tankunan madara, kamfanin kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zaman kansu a ƙasar.

Me ke cikin kwalin?

Kafin a gane bambancin kwalaye sai an san aikin da suke yi. Giyar Turai abu huɗu ce: ruwa, tsiron sha'ir, yisti, da wani fure mai ɗaci da Faransawa ke kira hublon. Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsira, a busar da shi, a ɓarza. Daga nan a zuba shi cikin ruwa mai zafin digiri 64 zuwa 68 na tsawon awa guda, domin a wannan zafin ne sinadaran da ke cikin tsiron ke mayar da sitaci sukari. A tace ruwan mai zaƙi, a tafasa shi awa guda tare da hublon, a huce shi da sauri, sannan a zuba yisti. Shi yisti halitta ce mai rai, ɗan'uwan wanda mai burodi ke sa wa ƙullu: yana cin sukari, ya fitar da alkol da iskar gas. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai a ɗura a kwalba, a jira wasu makonni biyu.

Kwalayen da ke kasuwa sun kasu uku, gwargwadon yawan aikin da kamfani ya ɗauke wa mai saye. Na farko shi ne na gwangwani. Kamfani ya riga ya jiƙa, ya tace, ya tafasa da hublon, ya ƙone ruwan har ya yi kauri kamar maɗi, ya rufe a gwangwani mai nauyin kilo ɗaya da rabi ko ɗan fiye. Mai saye sai ya narkar da wannan maɗin tsiro da ruwan zafi, ya ƙara kilo guda na sukari, ya cika bokiti da ruwan sanyi har lita 23, ya barbaɗa yisti. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Kamfanin Muntons na garin Stowmarket a Ingila da Coopers na birnin Adelaide a Ostareliya suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni. Masu ɗanɗano sun fi son kwali mai gwangwani biyu, kilo 3, wanda ba a ƙara masa sukari, domin sukarin rake yana ƙara ƙarfi amma yana tsinka abin sha ya bar shi salam.

Na biyu shi ne wanda aka ba mai saye maɗin da ba a sa masa ɗaci ba, tare da ƙunshin hublon da ɗan tsiro a jakar yadi, shi zai tafasa da kansa. Wannan na bukatar tukunya babba da awa biyu zuwa uku. Na uku kuwa tsiro ne tsagwaronsa, kilo 4 zuwa 5 domin lita 20, kuma mutum zai yi kowane mataki da hannunsa, ya ɓata rabin yini. A nan ne tukwanen lantarki na ƙarfen inokis suka shigo, irin su Grainfather na Niyu Zilan da Braumeister na kamfanin Speidel a Jamus, masu riƙe zafi daidai inda aka tsayar da shi. Kwalin bokiti da gwangwani kuɗinsa gomman yuro ne. Tukunyar lantarki kuwa daga ɗaruruwa take farawa har ta haura dubu. Ga mai lissafi da sefa, yuro 100 jika 65 ce da ɗoriya.

Shawarar da tsofaffin hannu ke ba sabon shiga ba ta canzawa: ya fara da mai araha. Dalili shi ne bokiti da tiyo da ma'aunai za su ci gaba da yi masa aiki ko ya hau mataki na uku, alhali tukunyar lantarki, in sha'awa ta gushe bayan dafuwa biyu, sai ta koma ƙarƙashin gado ta zama asara.

Inda gwani ke kai ido

Abu na farko da gwani ke dubawa shi ne girma. Ma'aunin Ingila lita 23 ne, na Amurka lita 19, akwai kuma ƙanana masu lita 4 domin mazauna ɗakin haya. Lita 23 kwalba 46 ce masu cin rabin lita, kowace sai an wanke ta, an cika, an matse mata marfi, an sami inda za a ajiye ta. Kamfanoni da yawa ba sa sa kwalabe cikin kwali, wasu ma ba sa sa abin matse marfi, don haka kwalin da ya yi araha a kanti yana iya yin tsada kafin a kai ƙarshen aiki.

Na biyu shi ne mazubi. Bokitin roba ba shi da nauyi, bakinsa na da faɗi, hannu na shiga ko'ina wurin wanki, amma dole ya zama robar da aka yi domin abinci, kuma da zarar soso mai kaushi ya karce cikinsa, ƙwayoyin cuta sun sami maɓoya. Tulun gilashi ba ya karcewa, ana kuma ganin abin da ke gudana a ciki, sai dai in ya cika yakan haura kilo 25, kuma in ya suɓuce ya fashe yana yanka mummuna. Inokis ya fi su duka, ya kuma fi su tsada. Kowanne aka zaɓa, sai murfinsa ya kasance da ɗan bututun numfashi mai lanƙwasa da ake zuba wa ruwa kaɗan: iskar gas na fita ta cikinsa, iskar waje da ƙuda ba sa shiga.

Na uku su ne ma'aunai biyu, na zafi da na kauri. Ma'aunin kauri, wanda Faransawa ke kira dansimetir, ɗan sandan gilashi ne da ake tsomawa cikin ruwa ya yi iyo. A ruwa zalla yana nuna 1000. A ruwan tsiro kafin a sa yisti yakan nuna kamar 1045, saboda sukarin da ke ciki. In yisti ya gama cinsa sai ya sauko wajen 1010. Tazarar da ke tsakani ita ke faɗin ƙarfin abin sha, a wannan misali kashi 4.6 cikin 100. Amfaninsa mafi girma shi ne tsaro: in lambar ba ta motsa ba kwana biyu ko uku a jere, yisti ya gama. Wanda ya ɗura kafin lokacin, ko ya zarce gram 5 zuwa 7 na sukari da ake ƙara wa kowace lita domin kumfa, gas zai taru cikin rufaffiyar kwalba har ta tarwatse kamar gurneti. Kwalin da babu wannan ɗan sanda a ciki, gwanaye na ɗaukarsa abin wasan yara, kome kyan zanen da ke bayansa.

Na huɗu shi ne kwanan wata. Yisti abu ne mai rai, in ya daɗe bisa kanta cikin zafi ƙarfinsa yana raguwa. Maɗin tsiro ma in ya tsufa yakan yi duhu, ɗanɗanonsa ya juya. Hatta launin kwalba yana da dalili, domin hasken rana na ɓata hublon ya sa wari, shi ya sa aka fi son kwalba mai ruwan ƙasa a kan kore ko fara.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kwali ko kaɗan, wato sanyin ɗaki. Yistin da aka fi sawa cikin kwalaye yana son digiri 18 zuwa 22, wani irin ma 8 zuwa 13. In zafi ya wuce haka yakan fitar da sinadarai masu wari da sa ciwon kai. An tsara kayan ne domin ɗakunan ƙasa na Turai. A garin da ma'auni ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar Maraɗi ko Tawa, ba za su yi abin da aka rubuta a bayansu ba. Wannan ne ya sa wani tsohon yisti na manoman yammacin Norwe mai suna kveik, wanda ke aiki a digiri 30 zuwa 40, ya sami karɓuwa a ƙasashe masu zafi tun daga shekarun 2010.

Tsabta da rai

Duk littattafan wannan sana'a sun haɗu a kan magana guda: rabin aikin wanki ne. Ruwan tsiro da ya huce abinci ne ga yisti, abinci ne kuma ga kowace ƙwayar cuta da ke yawo a iska ko ta maƙale a tiyo. Louis Pasteur ya bayyana wannan cikin littafin da ya wallafa a kan giya a 1876, inda ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke ɓata ta, sannan a 1883 Emil Christian Hansen ya ware yisti tsantsa iri ɗaya a ɗakin binciken Carlsberg na birnin Kwafanhagan. Ɗan ƙunshin yisti da garin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin kwalin yau jikokin wannan bincike ne. Mai amfani da ruwan jabel kuwa sai ya ɗauraye sosai, in ba haka ba abin sha zai yi warin asibiti.

A Turai sakacin tsabta yakan ƙare ne da zubar da bokiti guda mai tsami. Inda hatsin kansa ya lalace, abin yakan kai ga rai. A watan Janairu na 2015, a garin Chitima na lardin Tete a Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar gargajiya mai suna pombe a wurin zaman makoki. Da fari aka ce maɗacin kada aka zuba a ciki. Bincike ya gano daga baya cewa garin masarar da aka yi amfani da shi ruwan ambaliya ya jiƙa shi, wata ƙwayar bakteriya ta yaɗu a ciki ta fitar da guba mai suna bongkrekic, wadda ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, tafasa kuma ba ta kashe ta. Wannan guba ba ruwanta da giya: a watan Oktoba na 2020 ita ce ta kashe mutum 9 ƴan gida ɗaya a lardin Heilongjiang na ƙasar Sin, bayan sun ci taliyar masara da aka tsima.

Dawa ma ta shiga kwali

Ba Turawa kaɗai ke ƙunshe kayan dafuwa ba. A Afirka ta Kudu an daɗe ana sayar da tsiron dawa niƙaƙƙe cikin fakiti, irin su King Korn, domin masu dafa giyar gargajiya ta umqombothi a gida. A Nijeriya kuwa, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole manyan kamfanoni suka koma ga dawa da masara, kuma tun daga lokacin dawar arewa ta sami mai saye na dindindin da ba ta da shi a da. Ruwan tsiron nan, in ba a sa masa yisti ba, shi ne tushen lemunan malt marasa sa maye irin su Maltina da Malta Guinness, waɗanda ke cike da kantunan Maraɗi da Damagaram.

Injiniyoyin kamfanoni sun sha wuya da dawa, domin sitacinta ba ya narkewa sai a zafin da ya fi na sha'ir, zafin da kuma ke kashe sinadaran da ke mayar da shi sukari. Matan da ke dafa dolo a Burkina Faso, da ƴan'uwansu masu burkutu, da pito a Gana, da bili-bili a Cadi da Kamaru, sun daɗe da sanin hanyar fita: a bar ƙullun ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasa shi kaɗai, sannan a sake haɗa su in ya ɗan huce. Sun kuma san a murje saiwa da kan tsiro kafin niƙa, domin ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da guba, irin wadda makiyayi ke tsoro in saniya ta faɗa gyauro. Ilimin yana nan tun kaka da kakanni. Abin da kwalin Bature ya ƙara a kai shi ne ma'auni, da mazubi mai rufuwa, da yistin da aka san asalinsa. Dalili ke nan tasa ke wata shida a kwalba, burkutu kuwa kwana biyu ko uku ta zama ruwan tsami.

A nan ne maganar ta dawo ga wanda ba ya shan giya. Kunun zaƙi, da zoɓo, da ruwan citta da ake ɗurawa cikin tsofaffin robobin ruwa ana sayarwa a tasha da ƙofar ma'aikatu, duk ruwa ne mai sukari, kuma yistin daji da ke cikin iska ba ya neman izini kafin ya shiga. Robar da ta kumbura ta yi tauri da la'asar, ta yi tsit in an buɗe, shaida ce cewa tsimuwa ta fara, kuma inda yisti ya fitar da gas yana fitar da ɗan alkol tare da shi. Mai sana'ar na asarar abin da ya yi tsami, mai saye na iya kwana da ciwon ciki, mai tsantseni kuma ya sha abin da bai yi niyya ba. Maganin bai wuce wanda mai kwali ya koya ba: hatsin da bai jiƙe ya yi fumfuna ba, mazubin da aka wanke aka kashe wa ƙwayoyin cuta, murfi mai kamawa, sanyi, da ɗumamawa irin ta Pasteur, wadda a madara digiri 63 ce na minti 30.

Ma'aunin zafi, da bokitin robar abinci mai murfi da kan famfo, da abin matse marfin kwalba, ba kaya ne masu tsada ba, kuma babu ɗaya cikinsu da aka yi domin giya kaɗai. A Ingila har kantin magani ya sayar da su cikin kwali ɗaya da takardar bayani, ya kai su kusan kowane gari. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa hatsi a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna bukatar irin waɗannan kaya domin kunu da zoɓo da nono, da takardar bayani cikin Hausa. Ɗan kasuwar da ke cika kwantena daga Dubai ko Sin yana iya ware musu kusurwa guda, ma'aikatan kiwon lafiya kuma su rubuta takardar.